Fijo 405 ta Dakar: ruwan ɗorawa ya kwanta, saura sitika

Jama'a, fentin ya kwanta. Bodin Fijo 405 T16 ɗin nan ta kamfanin Tamiya, ƙaramar motar roba ta haɗawa mai awon 1/24 na ainihin motar, wadda nake ta kuka da ita tun shigowar hunturu, yanzu tana ƙarƙashin roba tana bushewa. Idan na haska tocila a rufinta ina ganin ƙwan tocilar sarai, babu dishi-dishi. Wallahi har sai da na kira yaran gida su zo su gani, duk da cewa su a wajensu motar wasa ce kawai da Baba ya hana su taɓawa.

Ga waɗanda ba su ga farkon aikin ba, wannan ita ce motar da Ari Vatanen, ɗan ƙasar Finland, ya ci tseren Paris zuwa Dakar da ita a 1990, a zamanin da tseren ke ratsa Agadez da hamadar Tenere. Dalilin da ya sa na zaɓe ta ke nan. Shasi da inji da ƙarfunan kariya na cikin mota duk sun haɗu ba tare da gardama ba, gam ɗin Extra Thin ya yi aikinsa, babu abin faɗa a nan. Rigima duk a kan launi take.

Launin da ya dace da ita shi ne fentin feshi na Tamiya mai lamba TS-34, Camel Yellow, wato ruwan ɗorawa. Samun gwangwanin kansa wahala ce, domin jiragen sama ba sa ɗaukar gwangwanin feshi a saƙon gidan waya, sai ka bi ta hannun masu shigo da kaya ta ruwa. Kafin gwangwani mai mililita 100 ya iso hannuna, kuɗinsa ya kusa kamo kuɗin motar gaba ɗaya. Saboda haka duk fesawar da ta lalace, a aljihu nake jin ta.

Abu biyu ne suka haɗu mini. Na farko halin ruwan ɗorawa ne, ba ya rufe abin da ke ƙasansa. A kan furaima, wato fentin shimfiɗa na farko, mai ruwan toka, da na fesa don in ga tabon fila, wato abin cike rami, da layin da injin zuba roba ya bari, launin ya fito da wani kore-kore mai muni. Ƙara fenti ba ya gyara wannan, sai dai ya cike layukan ƙofa da na bonet. Maganinsa farar furaima, ko kuma mai ruwan hoda idan kana son launin ya ɗan yi ja-ja. Na gwada duka biyun a bayan cokulan roba, na ɗauki fara, don ta fi kusa da hotunan motar.

Na biyu shi ne wanda ya kusa sa ni in mayar da komai cikin kwali. Iskar hunturu a nan Kano busasshiya ce ƙwarai, fentin TS kuma mai saurin bushewa ne. Idan ka riƙe gwangwani nesa kamar yadda aka saba, fentin na bushewa a iska kafin ya isa jikin mota, ya sauka gari-gari, ka shafa ka ji kamar samfefa. Idan ka matso don ya sauka da danshi, ƙura ta samu wurin zama. Ga kuma wani abin haushi: busasshiyar iska na sa roba ta riƙa jawo ƙura da kanta, musamman in ka goge ta da busasshen ƙyalle. Wato gogewar da kake yi don ka kori ƙura ita ke kiran wata. A kan baƙar mota ƙila a yafe, amma a kan ruwan ɗorawa ko zare ɗaya ya faɗa, daga bakin ƙofa za ka hango shi.

Sai da na wanke fentin gaba ɗaya. Na jiƙa bodin a sinadarin isopropyl mai ƙarfi, na bi da tsohon buroshin haƙori. Wasu na amfani da man birki, yana ci kam, amma ina tsoron ya sa siraran ginshiƙan gilashi su yi gautsi.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe ba wata sabuwar na'ura ba ce. Na wanke bodin da sabulun wanke-wanke, na ɗauraye, na kife roba a kai ya bushe da kansa, ban sa ƙyalle ba sam. Na koma yin feshi bayan sallar asuba, kafin a fara shara a unguwa, kafin iska ta tashi. Na yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin har da bango, na rataya jiƙaƙƙen tawul a gefe. Gwangwanin kuma na tsoma shi a ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki, kada wani ya je ya sa a tafasasshe. Ɗumin na ƙara ƙarfin feshin, fentin ya fito lumui. Shafe-shafen farko sama-sama na yi su, ina barin tazarar minti 15 zuwa 20, sannan na matso kusa, wajen santimita 15, na yi na ƙarshe mai danshi da hannu mai sauri. Ina sakin gwangwani na kife robar ajiya a kai, robar ma na jiƙa cikinta tukuna.

Duk da haka zare biyu sun sauka a bayan rufi. Wannan karon ban sa hannu ba sai da fentin ya yi tauri sosai, har warin tina ya daina fita. Sannan na bi da samfefa mai lamba 2000 da ruwa, na koma 3000, na goge da man gogewa na Tamiya. A kula da gefuna, fenti ya fi siriri a wurin, shafa biyu ka ga fari ya leƙo. Ni tef nake liƙawa a kan kowane kaifi kafin in fara.

Wani abokina ya ce me ya sa nake wahalar da kaina, motar da ta yi tsere a hamada ai da ƙura aka san ta, in bar ta haka. Ban yarda ba. Ƙurar tsere tana da inda take taruwa: bayan tayoyi, ƙasan ƙofa, bayan mota. Zan sa mata ita da kaina daga baya, da garin launi. Zaren bargo mai tsawon santimita ɗaya a wannan awon ya zama igiya mai santimita 24 a kan rufin mota.

Yanzu sitika ce a gabana, kuma kwalin tsoho ne, takardar ta fara rawaya a gefe. Zan gwada wata ƙarama da ba na buƙata, in ga ko za ta tsage a ruwa. Abin da ban yanke ba shi ne kiliya, wato fenti marar launi mai sheƙi da ake fesawa a ƙarshe. Ta Tamiya, TS-13, na da zafi, an san tana yamutsa sitika idan aka zuba ta da nauyi. Wanda ya taɓa fesa ta a kan tsohuwar sitikar Tamiya, don Allah ya faɗa mini yadda ta kaya, domin gwangwanin ruwan ɗorawan nan saura kaɗan a ciki, ba zai kai ni wani zagaye ba.