Tarago a hannun baƙi

Asabar, Ƙauran Namoda.

Da hantsi na kai wa Kawu maganinsa, na iske shi a zaure yana faɗa da rediyo. Don in raba su, na nuna masa wani bidiyo a wayata na filin jiragen ƙasa na kaya a Shikago ta Amurka, inda manyan kamfanonin jirgin ƙasa shida suke haɗuwa. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, sai ga shi ya gyara zama.

Na ce, "Kawu, ku duba, can ba a juyen kaya. Taragon ne ake miƙa wa wani kamfani da kayansa a ciki."

Kan jirgi ya turo taragu kan wani layi na gefe da aka ware, ya kwance, ya koma. Ma'aikatan ɗaya kamfanin su zo su duba birki da ƙafafu da maɗauri, su gwada lambar da ke jikin kowane tarago da ta takarda. Wanda ke da lahani suna iya ƙin karɓarsa. Da sun karɓa, alhakinsa ya koma wuyansu, kuma kuɗin haya na hawa muddin taragon wani yana kan layinsu. Wannan hayar ce ta burge ni, don ita ke hana a yi wa kayan aro riƙon sakainar kashi.

Kawu ya ce su ba su san wannan ba, reluwe ɗaya ce duk ƙasar. Tun da dogo ya iso Ƙaura a 1929, taragun gyaɗa da auduga da fatu sai Zariya, a can a kwance su a ɗaura wa jirgin Ikko. Amma duba birki da ƙidaya, in ji shi, har da fitila sun yi cikin dare.

Na tambaye shi ko taragon Ƙaura zai hau sabon layin Abuja zuwa Kaduna. Ya yi dariya har da tari. Layin namu faɗinsa milimita 1,067, wancan 1,435, ina za a haɗu?

Bayan la'asar na biyo ta tsohuwar tasha. Awaki na kiwo tsakanin ƙarafan, wani yaro ya shanya wankinsa a kai. Sai da na iso gida na tuna ban faɗa wa Kawu sau nawa zai sha maganin ba, dole gobe in koma.