Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Wata Huɗu a Babi na Tara

Makon jiya mun tsaya a ranar da littafina na farko ya fito, wanda na rubuta cikin sati shida kamar ana kora ta. Labarin nan ya daɗe a cikina tun ina 'yar makaranta, zubo shi kawai na yi a takarda. Shi ya sa na ɗauka haka rubutu yake: abu ya taso miki, ki kama biro, ki bi shi har inda ya tsaya.

Da wannan tunanin na shiga littafi na biyu. Babi takwas suka tafi lafiya lau. Yarinya da saurayi sun haɗu, sun saba, zuciya ta kamu, har na raba su a ƙarshen babi na takwas. Ina shiga na tara abu ya tsaya cik. Kullum sai in buɗe littafin in rubuta layi biyu, in karanta, in soke. Wata rana ma ba na buɗewa, sai dai in wuce ta gabansa in kawar da kai. Na ce wa kaina ilhami ne ya ɗauke, in na yi haƙuri zai dawo. Haka na yi ta jira har wata huɗu. A tsakanin nan tsoro ya shige ni sosai, don na fara yarda cewa labari ɗaya tak Allah ya ba ni, kuma na riga na faɗe shi.

Akwai wata babbar marubuciya da ta kusa haifata, wadda na samu shiga wurinta bayan fitowar littafin farko. Anti nake ce mata. Ranar da abin ya ishe ni na kwashi babi takwas ɗin na tafi gidanta. Ko gama gaisawa ba mu yi ba hawaye ya zubo mini.

"Anti, ilhamin ya tafi. Wata huɗu ke nan ina jira."

Ba ta ce komai ba. Ta tashi ta jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, an ɗaure su goma-goma da zare, bangon wasu har ya yi laushi don tsufa. Ta kwance ɗauri ɗaya ta miƙo mini. Kowane shafi akwai kwanan wata a samansa, kuma kowace rana shafi uku ne, ba ƙari ba ragi. Ina ta buɗewa har na zo wani wuri da rubutun ya karkace, layukan suna gangarowa ƙasa, rabin shafi kawai. Ta leƙo ta gani, ta ce ranar ɗanta yana kwance a asibiti, a kan gwiwarta ta rubuta, tana zaune a benci.

"'Yata, wa ya ce miki jira ake yi? Ilhami baƙo ne. In ya yi sallama bai tarar da ke a zaune ba, gaba zai yi."

Daga nan ta karɓi takarduna ta sa tabarau. Ta fi awa ɗaya tana karatu, ni kuwa ina zaune ina kallon fuskarta ko zan tsinci wani abu. Da ta gama ta ajiye, ta yi mini tambaya guda.

"Me ya hana su aure?"

Na ce ai yarinyar ta hango shi ne da wata a mota, ta zaci budurwarsa ce, alhali ƙanwarsa ce.

"To, in ta ɗaga waya ta tambaye shi fa?"

Na yi shiru.

"Kin ga labarinki ya ƙare a shafi ɗaya ke nan. Ba ilhami ne ya gudu ba. Zuciyarki ce ta gane babu abin da za ki ɗora a kan wannan, ta ƙi ba ki haɗin kai."

Wannan maganar ita ta sauya mini aiki gaba ɗaya, kuma har yau da ita nake auna duk labarin da zan fara. Mai karanta littafin soyayya ya san inda za a kwana tun kafin ya buɗe shafin farko. Har ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, da abu biyu ta bayyana irin wannan littafi: soyayya ta zama ita ce ƙashin bayan labarin, ƙarshen kuma ya faranta rai. Tunda an san ƙarshe, duk nauyin aikin yana kan dalilin da ya sa aka daɗe ba a kai can ba. In dalilin na bogi ne, mai karatu zai ji an raina masa hankali, ko da bai iya faɗin abin da ya dame shi ba. Anti ta ba ni misali da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980. 'Yar Fulani ce ta so wanda ba Bafulatani ba, dangi suka ƙi. Wannan ba abin da kiran waya ɗaya zai warware ba ne, domin kowane ɓangare yana da abin da yake tsoron rasawa.

Na koma gida na ajiye babi na tara. Sati uku ban rubuta ko layi ɗaya na labarin ba. Sabon littafi na buɗe na yarinyar ita kaɗai, ina yi mata tambayoyi ina amsawa. Wa ya raine ta? Me take ɓoyewa? Me ke hana ta barci? In ranta ya ɓaci magana take yi ko shiru? Yawancin abin da na rubuta a nan bai shiga littafin ba, amma a shafi na ashirin da wani abu na gano ta. Mahaifiyarta ta rasu ta bar mata ƙanne uku, kuma ta yi mata alkawari a gadon jinya cewa ba za ta bari a rarraba su ba. Shi kuma saurayin ya samu aikin da ya shekara biyar yana nema, a wani gari mai nisa, iyayensa sun tsufa, da albashin nan suka dogara. Ba mai laifi a cikinsu. Tana son sa, yana son ta, kuma duk wanda ya sassauta sai wani nasa ya cutu.

Da na ga haka na san babi takwas ɗin nan ba za su zauna ba. Shida na cire. A ciki har da wata hira da suka yi ana ruwan sama, wadda na fi so fiye da komai a littafin. Na yi kuka ranar. Ban yaga ba, na sa su a ambulan na ajiye, suna nan har yanzu.

Sai maganar zama kullum. A lokacin ina da aiki da rana, ga yara ƙanana, ba ni da wani lokaci da zan kira nawa in ba kafin gari ya waye ba. Na koma tashi ƙarfe huɗu. Makon farko azaba ce, ido yana yaji, shafi ukun da nake cikawa kuwa ni kaina na san ba su da kyau. Amma Anti ta riga ta ja mini kunne kada in gyara komai sai na kai ƙarshe. Daga baya na karanta cewa Nora Roberts, 'yar Amurkar nan da ta rubuta littattafai sama da 200, irin ra'ayinta ke nan: ana iya gyara shafi marar kyau, amma ba a gyara shafin da babu komai a kansa. Labarin farawarta ya taɓa ni ƙwarai. A 1979 ne dusar ƙanƙara ta tsare ta a gida da 'ya'yanta maza biyu ƙanana, ta ɗauki fensir ta fara rubutu. An mayar mata da rubuce-rubucenta na farko, sai a 1981 aka buga mata littafi. Ta ɗauki abin tamkar aikin ofis, awa shida zuwa takwas a rana. Danielle Steel kuwa, wata marubuciyar Amurka ita ma, 'ya'ya tara ta raina, da dare take rubutu in sun yi barci, a kan tsohon keken rubutu ƙirar 1946 da ba ta rabu da shi ba. Da na san wannan sai kukan rashin lokaci ya fita daga bakina.

Ba kowace dabara ce ta karɓe ni ba. Barbara Cartland ta Ingila, wadda ta bar littattafai 723, ba ta riƙe biro. Kishingiɗa take yi tana faɗa, sakatariya tana rubutawa. Na gwada irin wannan da wayata, ina magana tana naɗa. Da na saurara sai na tarar bakina ya fi tunanina sauri, mutanen labarin duk sun koma magana da muryata. Na watsar. Ni sai hannu ya ja biro a hankali nake jin abin da yarinyar za ta ce. Dabarar da ta zauna mini ita ce tsayawa a tsakiyar magana. In shafi uku ya cika saurayin yana shirin ba da amsa, nan nake ajiye biro ko da na san amsar. Duk yinin ranar tana yawo a kaina, ina wanke-wanke ina juya ta, washegari kuma ba na fara aiki da farar takarda.

Akwai kuma ɗan ƙaramin littafi da ba ya barin jakata. Georgette Heyer, wadda ta shahara da labaran soyayya na Ingila ta farkon ƙarni na 19, ta tara littattafan bincike kusan dubu, tana kuma rubuta irin tufafin mutanen zamanin da kalmomin da suke faɗa, don kada ta sa wa mutum maganar da ba tasa ba. Ni ba tarihi nake rubutawa ba, don haka mutanen da nake gani su ne abin bincikena. Wata rana na kai yarona ganin likita, muna layi, ga wani dattijo da matarsa a gefena. Ita ce marar lafiyar, barci ya ɗauke ta a zaune, kanta ya jingina da bango. Sai ya ɗauki katinta na asibiti yana yi mata fifita da shi. In hannun dama ya gaji ya mayar hagu. Aka kira wani suna da ƙarfi, ya ɗago ya harari mai kiran don kada ya tashe ta. Mun fi minti arba'in a wurin, bai daina ba, kuma ko sau ɗaya bai dubi ko ana kallon sa ba. Na rubuta shi a tsaye, littafin a kan tafin hannuna.

Wannan fifitar ce ta gyara mini babi na sha huɗu. A da saurayin ya yi shafi biyu cur yana zuba kalaman so. Anti ta koya mini in riƙa karanta hira da ƙarfi, in ji ta da kunnena. Da na karanta tasa sai numfashina ya ƙare kafin in kai ƙarshen jimla, na kuma tabbata babu namijin da ke magana haka in da gaske abin yana cin sa. Na soke duka. A madadinsu ya zo ya tarar ƙaramin ƙaninta yana zazzaɓi, ita kuma ta kwana biyu ba barci. Bai ce mata komai ba, ya karɓi yaron ya ce ta je ta kwanta. Da ta farka ta same shi inda ta bar shi, yana yi wa yaron fifita da bangon littafi. Layi tara ne kawai. Daga baya masu karatu sun fi yi mini maganar wurin nan fiye da ko'ina a littafin.

Wata bakwai na yi kafin in kai ƙarshe, sannan na sake bi daga farko sau biyu, ina cirewa ina ƙarawa. Ranar da na rubuta shafin ƙarshe na ƙirga littattafan da na cika, guda goma sha ɗaya, kowane shafi da kwanan watansa. Na ɗaure su da zare kamar yadda na ga ta yi, na kai mata.

Kwana tara ban ji daga gare ta ba. A dare na goma, har na kashe fitila, wayata ta yi ƙara.

"'Yata, kin yi barci? Na gama. Komai ya zauna, sai babin ƙarshe. Gaya mini gaskiya, gajiya kika yi, ko tsoron rabuwa da su kike ji?"

Amsar da na ba ta, da abin da ya faru da babin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.