Abin da na ɗauka daga teburin naɗin farce

A shagon da na bari, naɗin farce da siliki ko faibagilas, wato manna siririn ƙyalle a kan farce da gam don ƙarfafa shi, aiki ne da ake jefa wa sabuwar yarinya. Manya suna kan akirilik da jel, sinadaran da ake gina farce da su, su ake ɗauka hoto, su ke tara layi. Wadda ta shigo da farce ɗaya da ya tsage tana neman a ceto mata shi, sai a nuna mata teburin bakin ƙofa, wato nawa. A nan na zauna da aikin har ya shiga hannuna, kuma har gobe ina ganin ya fi sauran neman natsuwa. Akirilik yana da kauri, in kin kauce sai ki ƙara ki goge, magana ta wuce. Ƙyalle kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

Siliki saƙarsa matsattsiya ce, ga shi siriri, gam na taɓa shi sai ya ɓace a kan farce, shi ya sa masu son farcensu ya fito yadda yake suka fi zaɓarsa. Faibagilas saƙarsa a buɗe take, gam yana ratsa ta sosai, ya fi jure wahala. Akwai lilin, mai kauri, wanda ba ya ɓacewa sai an rufe shi da fenti, mu dai ba mu cika taɓa shi ba. Amma duk cikinsu ƙyallen ƙashi ne kawai, gam ne naman aikin. Gam ɗin dangin Super Glue ne, sinadarin sayanoakirilet da Harry Coover ya ci karo da shi a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Yana da hali biyu da ya kamata duk mai riƙe da kwalbarsa ta sani. Ɗan danshin da ke kan abu shi ke sa ya kama, amma yawan zama cikin ruwa yana cinye shi a hankali. Kuma yayin da yake daskarewa zafi yake fitarwa.

Madam, mai shagon, ta san wannan, ko kuma ta taɓa sani. Matsalarta agogo. A wurinta kujerar da aka daɗe a kai asara ce, saboda haka feshin busarwa ya zama abokinta. A shafa gam da kauri, a kawo kwalba daf da yatsa, a fesa. Kwastoma ta zabura ta fizge hannu, Madam ta yi murmushi ta ce, “Yi haƙuri Hajiya, alamar ya kama ke nan.” Ba alamar komai ba ce illa an tilasta wa gam mai yawa daskarewa lokaci guda a kan nama mai rai. Shafi siriri sau biyu ko uku, feshi kaɗan daga nesa, ba wanda zai ji komai. Na faɗa mata sau ɗaya, ta tambaye ni shagon wa nake ciki.

Abin da ya raba mu ya faru ne a kan wata kwastoma da ke zuwa wurina, mai aikin da hannunta ba ya rabuwa da ruwa. Ta wuce lokacin gyara, silikin babban yatsanta ya ɗaga daga gefe, har ina hango farin iska a ƙarƙashinsa. Duk wadda ta yi wannan aiki ta san hukuncin: a jiƙa da asiton, ruwan da ke narkar da gam, a cire gaba ɗaya, a tsabtace, a busar, a sake sabo. Na ɗauko kwanon jiƙawa ke nan Madam ta tsaya a kaina ta ce akwai mutane na jira. Na ce, “Madam, ruwa ya shiga ƙarƙashi.” Ta ce in tashi. Ta zauna a kujerata, ta zura bakin gam cikin ramin, ta danne, ta fesa, ta shafa fenti mai duhu a kai. Kwastoma ta tafi tana godiya saboda an sallame ta da wuri.

Da matar ta dawo aka goge fenti, farcen ya yi kore. Mutane suna kiran wannan abu naman gwari ko fumfuna, amma yawanci ƙwayar bakteriya ce, Pseudomonas aeruginosa, mai son rufaffen wuri mai danshi, kuma koren launi ne da take fitarwa ya rina farce. Abin da Madam ta yi shi ne ta gina mata ɗaki ta kulle ƙofa. Tabon ba ya gogewa, sai dai farce ya tura shi waje, ga shi farcen hannu kusan milimita 3 kacal yake yi a wata. Lissafa da kanki watannin da baiwar Allah za ta yi tana ɓoye yatsa.

A gaban matar, a gaban sauran ma'aikata, Madam ta juyo ta ce, “Ke, sau nawa zan ce ki riƙa busar da farce kafin ki ɗora ƙyalle?” Na dubi wadda ke teburin kusa da ni, wadda komai ya faru a idonta, ta sunkuyar da kai tana jera kwalabe. Kwastomar ma ta san wanda ya zauna a kujerar ran nan, amma wa zai tsoma baki a rigimar shago? Ban ce uffan ba. Na cire sauran naɗin, na tsabtace farcen, na bar shi a buɗe, na ce mata kada ta bari kowa ya sake rufe shi, in kuma ta ga kumburi ko ciwo ta je wurin likita. Madam ta so a rufe da fenti don kada a fita da shi haka. Wannan karon ban tashi daga kujerar ba.

Shawarar da nake ba yara masu tasowa, ba don ina riƙe da kowa a zuciya ba, ita ce a riƙa rubuta wa kowace kwastoma kati: ranar da ta zo, abin da aka ɗora, da hannun da ya ɗora. Na uku ɗin ne ya fi muhimmanci. Tun daga ranar na fara, kuma na lura Madam ta daina zama a kujerata.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ki bar ɗan fili kamar milimita ɗaya da rabi tsakanin ƙyalle da fata ta kowane gefe, don ƙyallen da ya taɓa fata ya riga ya fara ɗagawa. Kada ki danna shi da yatsanki, man jikinki zai hana shi kamawa, ki sa 'yar leda. Almakashin ƙyalle na ƙyalle ne kawai. Auduga da ɗanyen gam ba sa haɗuwa, zafin da suke yi yana iya ƙona fata. Wurin gogewa, da kin fara ganin zaren saƙa kin wuce gona da iri. Mako biyu a ƙara gam, mako huɗu a ƙara ƙyalle a inda farce ya tsiro. Mai wanke-wanke kullum ki gaya mata gaskiya cewa sai da safar hannu, mai son dogon farce sosai kuma ki tura ta teburin akirilik, naɗi ba zai ɗauke ta ba.

Da na sanar cewa zan tafi, Madam ta ce in tsaya tukuna in koya wa sabuwar yarinya aikin siliki, wai kwastomomi sun saba da yadda “shagonmu” ke yi. Na koya mata iyakar abin da lokaci ya bari. Katunan kuwa da kuɗina na saye su, da su na fita.