Kalmomi biyu da na bari aka goge

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin durowata bayan shekara bakwai a ɗakin labarai na gidan rediyo. An yi ɗan taro, an ci cincin, an sha lemo, kowa ya faɗi alheri. Da aka ce in faɗa wa sababbin shiga abin da aikin ya koya mini, na ce haƙuri, aka tafa. Wanda ya koya mini ainihin darasin yana zaune a kujerar gaba yana murmushi, to me zan ce?

Washegarin Babbar Sallar 2023 ne, Alhamis 29 ga Yuni. Kun san yadda ofis yake ranar: mu uku kacal, ƙanshin soyayyen nama ya cika ko'ina, labarai babu sai na gaisuwar sallah da hawan daba. Sai ga rahoton kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa cibiyar IARC, wadda ke binciken cutar daji a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin Liyon na Faransa, za ta sanya aspatem a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar. Aspatem shi ne sinadarin zaƙin da ke cikin mafi yawan lemon da ake rubuta wa ba suga. Ya ninka suga zaƙi kusan sau 200, shi ya sa ɗan kaɗan ke isar gwangwani guda.

Na fassara shi yadda ya zo, da "mai yiwuwa" a farkon jimla. Edita ya karanta, ya ɗauki jan biro.

"Malama, mai yiwuwa ai ba labari ba ne. Mai yiwuwa a yi ruwa gobe. Wa zai bar nama ya saurari wannan?"

"Yallaɓai, haka suka faɗa."

"Su Turanci suka yi, mu Hausa muke yi. Ki shiga, saura minti huɗu."

Na shiga na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lemon da ba suga yana haddasa cutar daji. Na karanta da ƙarfe ɗaya, na maimaita da huɗu, na sake da takwas na dare. Kafin asuba wani ya yanko muryata ya saka a WhatsApp, har ƙanwar mahaifiyata ta turo mini, wai in saurara in kiyaye. Ba ta ma gane ni ba ce.

Ba zan ɗora masa duka ba. Rahoton yana gabana, kuma a cikinsa an ambaci wani kwamiti na biyu da ke nazarin yawan da mutum zai iya sha. Na gani, na tsallake, don ina sauri in tashi in je gidanmu cin nama.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan mai gadi ya ce wata yarinya na nemana a bakin ƙofa. Ba ta wuce shekara ashirin ba, da fulas ɗin asibiti a hannunta. Ta ce, "Anti, ke ce mai labaran rana?" Mahaifinta ya shekara tara da ciwon suga. Da ƙyar aka raba shi da lemon kwalba, aka samu ya yarda da wanda ba suga, guda ɗaya bayan la'asar. Ranar da ya ji ni ya sa aka zubar da katan ɗin da aka saya na sallah, ya ce gara sugan da ya sani da dajin da bai sani ba. Ya koma wa na da, har da maltina, sati guda cur ana hidimar baƙi. Kwalba ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da suga sama da giram 50, wato ta cinye duk abin da ake so lafiyayyen mutum ya sha a yini, balle shi. Aka kwashe shi cikin dare. Ya yi kwana huɗu a gado ana ƙarin ruwa da allurar insulin.

Ba faɗa ta zo yi ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya ce ta kawo ta: in an sallame shi, wanne za su ba shi? Na tsaya ina kallonta, ni da na faɗa wa jiha guda abin da za su guda, ba ni da amsar da zan ba mutum ɗaya.

Ranar 14 ga Yuli cikakken bayanin ya fito, na zauna na karanta shi tun daga farko, abin da ya kamata in jira in yi tun asali. IARC ta sa aspatem a rukunin 2B, wato na mai yiwuwa, bisa hujja mai rauni da ta shafi dajin hanta. Rukunan nan ba girman haɗari suke aunawa ba, ƙarfin hujja suke aunawa: shin akwai shaidar cewa abu zai iya jawo cutar, ko da a wane yawa ne? Jan nama, irin wanda muke ta soyawa ranar da na yi sanarwar, yana rukunin 2A tun 2015, gaba da aspatem. Shayin da zafinsa ya haura digiri 65 yana can. Aikin dare ma yana can, ni kuwa shekara uku ina kwana a tashar, ba wanda ya taɓa sa wannan a kanun labarai.

A rana ɗaya kuma kwamitin JECFA, wanda aikinsa shi ne faɗin yawan da ba zai cutar ba, ya bar ma'auninsa yadda yake: miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Suka ba da misali da mutum mai kilo 70, wanda sai ya sha gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya haura iyakar. Tsohon nan guda ɗaya yake sha.

Na rubuta gyara, na kai wa edita. Ya ce tasha ba ta janye labari saboda mutum ɗaya ya sha maltina. Da wani likita ya kira shugaban tasha ya yi ƙorafi, sai ga takardar tuhuma a kan teburina, ana so in yi bayani cikin awa 24 dalilin da ya sa na sauya ma'anar rahoto. Shi ya sa mata hannu, da jan biron nan. Takardar fassarata mai gogen nasa kuwa an share ta da sharar sallah. Magana zarar bunu ce, muryar da ke yawo a wayoyi tawa ce, sunansa bai fito ko'ina ba. Ƙarin girman da nake jira a shekarar ya wuce ni.

Gyaran dai na yi shi, a shirin lafiya na Asabar da ba ya saurara. Minti ashirin na ɗauka. Ban ce lemon nan magani ne ba, don ba shi ba ne. Na faɗi cewa a watan Mayun shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan sinadarai don rage ƙiba, amma ta cire masu ciwon suga daga shawarar. Na kawo binciken Faransa na 2022 da ya bi mutane sama da 100,000, ya ga ɗan ƙarin cutar daji a cikin masu yawan sha, na kuma bayyana cewa irin wannan bincike ba ya iya tantance ko lemon ne sanadi ko kuwa masu ƙiba da larura ne dama suka fi komawa gare shi. Na ce masu larurar gado ta PKU, waɗanda jikinsu ba ya sarrafa fenilalanin, wani sinadari da ke cikin aspatem, su ne aka hana aspatem kwata-kwata, dalilin gargaɗin da ke jikin gwangwani ke nan. Na tuna wa mutane sakarin, wani sinadarin zaƙin, wanda a shekarun 1970 aka ce yana jawo dajin mafitsara saboda gwajin ɓeraye, har Amurka ta manna masa gargaɗi, sannan a 2000 ta cire da aka gane abin da ya faru a jikin ɓera ba ya faruwa a namu. Na rufe da cewa ruwa ya fi duka, wanda kowa ya sani kuma ba mai son ji ranar sallah. Wannan shirin ba wanda ya yanko shi ya tura wa kowa.

Sauran abin da zan bar muku kaɗan ne. In aka goge muku kalma, ku ɗauki hoton takardar kafin ku shiga situdiyo. Labarin lafiya in ba shi da "nawa" da "ga wa", bai nuna ba, ku bar shi ya kwana. Kada ku karɓi katan ɗin da kamfanonin lemo ke aikowa da azumi, ko da kowa ya karɓa. Likitan da zai ɗaga waya da ƙarfe ɗaya saura minti biyar ya fi kowace na'ura da ke ofishin amfani.

Na je gaishe da tsohon bayan an sallame shi. Yana kan tabarma a zaure, rediyo a gefensa, a kan tasharmu. Na ce, "Baba, ni ce na yi maganar nan, ka yafe mini." Ya ce, "'Yata, ai ke aka ba ki ki karanta." Ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, irin mai sugan, shi kuma aka zuba masa ruwan randa a moɗa. Har na tashi ban iya buɗe kwalbar ba.