Wata takwas ina shan whey, ga abin da na gani a jikina

Na fara ɗaga ƙarfe ina da kilo 62, dogo siriri, wata uku ina zuwa jim amma jikin ya ƙi motsi. Sai wani da muke atisaye tare, ya girme ni sosai, ya ja ni gefe ya ce "ƙanena, ba ƙarfen ba ne matsalarka, furotin ɗin da kake ci ne bai kai ba." Ya sa na zauna na yi lissafin furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki. Wanda ba ya wani motsa jiki giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a rana, mai son gina tsoka kuwa sai ya nemi wajen 1.6, wato ni kenan kusan giram 100. Ƙwai ɗaya giram 6 ne fa kawai. Da na haɗa duk abin da nake ci a yini ashe da ƙyar nake wuce rabi.

Sai na sayo garin whey don in cike giɓin. Ranar da na shigo da robar gida mahaifiyata ta ɗauka irin ƙwayoyin nan ne masu kumbura mutum, hankalinta ya tashi, sai da na zauna na yi mata bayani. Whey ruwan nan ne da ke tsatsowa idan madara ta daskare za a yi cuku, shi ake tacewa a busar ya koma gari, cikin furotin ɗin madarar shanu kusan kashi 20 cikin 100 shi ne. Ba sitiroyid ba ne, daga madara ya fito.

Amfaninsa da na fi gani shi ne sauƙi, wallahi. Ɗan ludayin da ke cikin robar giram 30 yake ɗauka, ya ba ni furotin giram 24, daidai da ƙwai huɗu kenan, cikin minti ɗaya na kaɗa na shanye na fita aiki. Ni da ba na iya cin abu da yawa da safe wannan ya taimake ni ƙwarai. Cikin wata huɗu na kai kilo 66, kafaɗa ta buɗe, nauyin da nake ɗagawa ya ƙaru, amma gaskiya a lokacin na gyara barcina kuma na daina tsallake jim, toh ba zan ɗora wa garin duka yabon ba.

Inda na sha wahala shi ne ciki. Wanda na fara saya concentrate ne, shi ya fi araha kuma akwai sauran laktos a ciki, sukarin madara kenan, ni kuma ban san cikina ba ya narkar da shi da kyau ba, ga shi har da madara nake haɗawa don ya yi kauri. Bayan awa ɗaya sai ciki ya kumbura tim, ya yi ta ƙugi, iska, wani lokacin har zawo. Akwai ranar da muke taro a ofis na danne cikina da hannu ina gumi, sau uku ina fita kafin a tashi. Sati biyu ina zargin abinci daban-daban kafin na tsayar da whey ɗin na kwana huɗu na ga komai ya lafa. Na koma isolate wanda aka fi tacewa, furotin ɗinsa kashi 90 zuwa sama, laktos kaɗan ne ya rage, na riƙa haɗawa da ruwa zalla, na fara da rabin ludayi. Shikenan ciki ya zauna, sai dai aljihu ya ji don ya fi tsada sosai.

Ƙuraje ma sun fito min a baya da gefen haɓa lokacin da na kai ludayi biyu a rana, da na rage suka ragu.

Kuskuren da ya fi damuna kuma shi ne da na fara mayar da shi madadin abinci, rana ta yi in ce ai na sha whey, ba sai na ci komai ba. Garin nan ba shi da zaren abinci (fiber) da ganye da wake da 'ya'yan itace ke ba hanji, sai bayan gida ya fara min wuya, ga kasala da yamma. Sannan gorar da kake kaɗawa a ciki ka wanke ta nan take, na taɓa manta tawa a jaka kwana biyu da zafi, warin ya kama robar har sai da na jefar.

Na kuma taɓa sayen wani a intanet don na ga arha, da ya zo murfin takardar da ke ciki a sake yake, garin ya ƙi narkewa sai dunƙulewa, zaƙi kamar me. Ban sha ba. Tun daga nan nake juya robar in duba giram nawa ne furotin a cikin ludayi ɗaya, don akwai wanda ake kira mass gainer, yawancinsa sitaci da sukari ne, mutum ya saya yana zaton whey ne.

Wani abokina mai ciwon suga ya ga canjin jikina ya ce in ba shi ya gwada, na ce a'a sai ya ga likita an duba ƙodarsa tukuna, domin mai lafiyayyar ƙoda ba a cika jin matsala ba amma wanda tasa ta fara rauni yawan furotin ƙarin nauyi ne a kanta. Ya je, likitan ya ce ya dakata.

Yanzu ludayi ɗaya nake sha, shi ma sai ranar da na ga abincin yinin bai kai lissafi ba. Robar da a da take ƙarewa a wata ɗaya yanzu tana kai ni wata biyu da ɗoriya.