Abin Kiɗan da Yaro Zai Kaɗa da Hannunsa

Idan Sallah ta ƙarato, shagunan kayan wasan yara a Sabon Garin Kano sukan cika da ƙananan fiyano na roba, da wayoyin wasa masu rera waƙa, da motoci masu walƙiya da kiɗa, kuma iyaye da yawa sukan ɗauki wanda ya fi ƙara da ƙyalli. Ni kuwa tambayar da nake fara yi kafin in saya ita ce: wa yake fitar da sautin, yaron ko batir?

Jaririn da ya girgiza kacau-kacau ya ji amo, ya tsaya ya ji shiru, ya sake girgizawa da ƙarfi ya ji amon ya ƙaru, yana koyon cewa motsin hannunsa ne yake haifar da abin da kunnensa ke ji. Wanda aka ba fiyano mai maɓalli ɗaya da ke sakin waƙa cikakkiya kuwa, dannawa kawai zai yi ya zauna yana kallo. A ƙarshen 2015 an wallafa wani bincike da Anna Sosa ta Jami'ar Arewacin Arizona a Amurka ta gudanar a kan iyaye 26 da 'ya'yansu 'yan wata 10 zuwa 16, inda aka ga cewa iyaye sun rage magana da yaran, yaran ma sun rage gwaranci, a lokacin wasa da kayan lantarki, idan aka kwatanta da lokacin duba littafi. Binciken ƙarami ne, amma ya yi daidai da abin da nake gani a gidaje, domin da zarar abin wasa ya fara surutu, manya sukan yi shiru.

Shi ya sa nake fifita abin da muke da shi tun asali. Ƙwarya da aka kife tare da ludayi ta ishi ɗan shekara biyu ganga, kuma ga caki, ga shantu, ga gwangwanin da yara ke kaɗawa a lokacin tashe. Gidan da ba a son kiɗa saboda dalilin addini ma yana da tafi da waƙoƙin reno, waɗanda suke koya wa yaro kari da sauraro.

Sai batun lafiya, wanda bai kamata a yi masa sakaci ba. Hannun yaro gajere ne, saboda haka abin wasa yana kusa da kunnensa fiye da yadda yake kusa da naka. Ka kunna shi a shago ka kara a kunnenka. Idan ya dame ka, ka bar shi, idan kuma an riga an kawo shi kyauta, ka liƙe lasifikar da salatif domin ƙarar ta ragu. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, duk abin da zai iya cirewa ya shige ta cikin bututun kwalin da ake naɗe tishu a jikinsa zai iya shaƙe shi, don haka a tabbatar bakin caki a toshe yake sosai kafin duwatsun ciki su zube. Fentin da ke ɓarewa shi ma abin gudu ne saboda gubar dalma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙaramin batir mai faɗin kwabo da ake sa wa kayan wasa masu waƙa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, zai iya ƙona naman wurin cikin awa 2 kacal, alhali yaron bai nuna wata alama mai tsanani ba. Kada a sayi abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da sukuru ba. Idan kuwa ana zargin yaro ya haɗiye, a garzaya da shi asibiti nan take ba tare da ƙoƙarin sa shi amai ba, kuma idan ya haura shekara 1, ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk bayan minti 10 a kan hanya, muddin hakan ba zai jinkirta tafiyar ba.