Kafin ki tura kuɗin barimar daimon ɗin nan, tsaya mu yi magana

Ƙannena 'yan mata, na lura yanzu da yawanku kun daina yayin manyan 'yan kunnen nan masu jan kunne har kafaɗa, kowa barima take so, 'yar ƙarama ta daimon wadda za ta hau da atamfa ta hau da abaya a kuma shiga ofis da ita. Kuma kullum tambayarku ɗaya, wai Anti a intanet ya fi ko a shago? To ni na saya ta nan na saya ta can, kuma ko'ina sai da na ji a jikina, saboda na je da kan mai sayen gwal. Mun taso muna ganin iyayenmu mata suna sayen sarƙa da awarwaro su ajiye, ranar da ta ɓaci a kai wa 'yan gwal su ɗora a sikeli su ƙirgo kuɗi, wani lokacin ma har da riba. Daimon ba ya wannan aikin. Wannan ki fara sa wa a ranki kafin komai.

Barimata ta farko a Instagram na gan ta, wajen wata mai kawo kaya, bidiyon ya yi kyau wlh, ana juya ta a hankali tana walƙiya, an rubuta karat 1, har da ɗan injin gwajin nan mai kama da biro an ɗora a kan dutsen ya yi ƙara. Kuɗin adashena na kwasa na tura. Da kaya suka iso abin da na fara gani shi ne ƙanƙanta, don ni a kaina kowane kunne karat ɗaya ne, ashe idan aka rubuta nauyin barima yawanci na duka biyun ake haɗawa, shi ne ƙananan haruffan nan ctw ko tcw da ake maƙalawa a gefe ba mai kula su. Karat ɗaya a daimon nauyi ne, giram 0.2 kacal, kuma dutse mai zagaye na rabin karat faɗinsa kamar milimita 5 ne, na cikakken karat kuma wajen 6.5. Ki ɗauko rula ki duba milimita 5 ɗin da idonki kafin ki biya, don a hoto an zuƙo shi ya cika fuskar waya.

Wannan ma da sauƙi. Sai da na kai wa wani dattijo mai aikin gwal ya sa madubinsa ya leƙa ya ɗan yi shiru, ya ce Hajiya wannan moisanait ne, wani dutse mai kama da daimon amma ba shi ba ne. Na ce Baba ai an gwada a gabana a bidiyo injin ya yi ƙara. Ya yi dariya ya ce injin nan zafi yake aunawa, moisanait kuma yana ɗaukar zafi kusan kamar daimon, shi ya sa yake wucewa, irin su gilashi da zirkoniya, wani dutsen kwaikwayo mai araha, su yake kamawa. Ya miƙo min madubin ya ce in leƙa ta gefe, sai na ga layukan cikin dutsen biyu-biyu kamar idona ne ya samu matsala. Ya juyo sandar barimar ya nuna min lamba 925, wato azurfa ce aka yi wa ruwa, ba farin gwal ba. Kuma gaskiya moisanait ba abin banza ba ne, yana da ƙarfi, ƙyallinsa ma ya fi na daimon launuka, da an ce min shi ne a farashinsa da na saya da farin ciki. Abin da ya yi min ciwo kuɗin daimon na biya. Na koma wajen mai kaya ta ce ita ma haka aka turo mata, daga nan sai saƙona ya daina shiga.

Sai na ce to shikenan ni da intanet har abada, gani ya kori ji. Da tafiya ta kama ni zuwa Dubai na shiga wani shago, aka ba ni kujera aka kawo shayi, aka jero barima a kan baƙin ƙyalle ƙarƙashin fitilun nan nasu. Ku ji ni da kyau, fitilun shagon kayan ƙawa don wannan aikin aka yi su, ƙanana ne masu ƙarfi ta kowane ɓangare, ko wane irin dutse aka sa a ƙasansu sai ya yi rawa. Na zaɓa, na yi ciniki har ina jin ni gwana ce, aka ba ni rasit da wani ɗan kati mai tambarin shagon an rubuta daimon na asali. Kuma na asalin ne, ba su yi min ƙarya ba. Amma da na dawo gida na tsaya bakin taga da hantsi sai na ga ɗaya ta fi ɗaya ja-ja, kuma duka biyun ba su da wutar da na gani a can. Katin shago ra'ayin mai shago ne a kan kayansa, ni ce ban nemi takardar da ta dace ba.

Takardar da nake nufi ita ce satifiket daga ɗakin gwaji mai zaman kansa, waɗanda aka fi sani GIA na Amurka da IGI da ya faro daga Antwaf a Beljiyam. A ciki za ki ga nauyi, da launi daga harafin D wanda shi ne fari tas har zuwa Z mai ɗorawa-ɗorawa, da matakin tsabtar ciki irin su VVS, VS, SI (VVS ya fi VS tsabta, VS ya fi SI), sai kuma yanka, wato yadda aka gyara siffar dutsen. Kowace takarda da lambarta, ki shiga shafinsu ki buga lambar ki ga ko bayanin ya yi daidai, kuma sau da yawa an zana lambar da leza a gefen dutsen, ki ce a ba ki madubi ki karanta da kanki, kar ki ji kunya, kuɗinki ne. Barima duwatsu biyu ce, to takarda biyu za ki nema idan suna da ɗan girma. A ganina kuma don abin da za a sa a kunne, ƙarƙashin ɗankwali ma wani lokacin, asara ce ki biya kuɗin D da VVS, ba wanda zai matso da madubi kunnenki a gidan biki. Launi G zuwa I da tsabta VS2 ko SI1 sun isa, inda ba a rowa shi ne yanka, don shi ke kawo wutar. Kuma farashi yana tsalle a daidai karat 0.50 da 1.00, idan kin samu 0.46 ko 0.47 ido ba zai bambance ba aljihu kuwa zai bambance.

Sai maganar na lab, wanda ake haɗawa a masana'anta. Shi daimon ne na gaske, sinadarinsu ɗaya da na haƙowa, ƙaramin injin gwaji ba ya raba su, satifiket ne zai gaya miki. Amma farashinsa ya faɗi warwas, De Beers, babban kamfanin daimon ɗin nan, da kansu sun buɗe Lightbox, reshensu na daimon ɗin lab, a 2018 suna sayar da karat ɗaya dala 800, zuwa 2025 suka sanar za su rufe shi don abin ya ƙara karyewa. Don kwalliya ni yanzu shi zan ce ki saya, ki samu babba mai kyau da kuɗi kaɗan, sai dai ki tabbata farashin na lab kika biya, kar a karɓi na haƙowa a hannunki.

Ranar da na so sayar da ta Dubai ɗin nan kuwa, mai shagon gwal cewa ya yi Hajiya mu dutse ba ma sayensa, cire shi za mu yi mu auna gwal ɗin. Gwal ɗin kuma 18 ne mai lamba 750, don 21 da 22 da muka saba sun yi laushi wajen riƙe dutse, duka-duka giram ɗaya da 'yan kai. Abin da ya faɗa min ko kusa da rabin rabin abin da na biya bai kai ba, na maida abata jaka.

To ina za ki saya? Manyan shagunan intanet na ƙasashen waje masu nuna satifiket da bidiyon ainihin dutsen sun fi shago araha sau da yawa, kuma suna ba da damar mayarwa, galibi kwana 30. Amma mu nan yawanci gidan wata 'yar uwa a Ingila ko Amurka ake turawa a jira mai tahowa, kafin ya iso hannunki kwanakin sun ƙare, to ki lissafa wannan. Shago kuma amfaninsa za ki gwada a kunnenki, ki ce a bar ki ki matsa bakin ƙofa ki gani a hasken rana, sannan a rubuta miki a rasit nauyi da launi da tsabta da ko na lab ne ko na haƙowa, da sharaɗin canji. Mai kaya a WhatsApp da ba ta da takarda ba ta da shago kuma tana ce miki saura guda ɗaya ki yi sauri, ki ce mata Allah ya kawo kasuwa.

Kuma don Allah ku duba makullin baya. Wanda ake turawa ɗin nan da aka saba yana saki da kansa in ya kwana biyu, mu kuma kullum cikin sa hijabi da cirewa muke, ga ɗaurin ɗankwali ga alwala, zare ɗaya ya kama shikenan ta faɗi ba ki ji ba, sai ki tsinci kanki a durƙushe kina haska tayil ɗin banɗaki da fitilar waya. Ki ce mai murɗi kike so ko da za a ƙara miki kuɗi, kuma ki murɗa shi ki kwance da hannunki a gabansu, don wani tun yana sabo yake cijewa.